Wanda Ya San Iska Ba Ɗan Iska Ba Ne

Maƙalar yau daga Kakau take fitowa, nan kudu da kogin Kaduna a bakin hanyar Abuja, kuma tun da wuri muna sanar da ku cewa faɗa muka zo yi. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Faɗan namu da mutum biyu ne. Na farko shi ne marubucin da in ya gaji da falon Alhaji sai ya ɗauki ango da amarya ya jefa su wani tsibiri a tsakiyar teku, Zanzibar ko Maldives, su yi wata guda. A duk watan nan abin da za mu ji game da tsibirin bai wuce layi ɗaya ba: iska mai daɗi tana kaɗawa, ruwa shuɗi gwanin sha'awa. Daga nan sai a koma ɗakin otal a ci gaba da shagwaɓa. Da za a cire sunan tsibirin a sa Barnawa, ba abin da zai canza a labarin. Na biyu shi ne mai gadin ƙofa, wanda da ya ga an kawo zancen teku ko wasan ruwa cikin rubutun Hausa sai ya ce me ya haɗa kifi da kaska, wannan kwaikwayon Turawa ne, a tsaya ga abin da muka gada. Kullum suna zagin juna, amma ciwonsu ɗaya: dukansu ba su yarda su zauna su koyi abin da suke magana a kansa ba.

Don kada maganar ta tsaya a sama, bari mu ɗauki abin da ake ganin ya fi kowanne nisa da Bahaushe. Akwai wani wasa da Turawa ke kira winsafin. Mu a nan za mu kira shi hawan allon iska. Allo ne mai tsawon da ya ɗan fi mutum, an kafa masa doguwar sanda a tsakiya, an ɗaura mata ƙyalle mai faɗi da ke tarar iska. Gindin sandar yana kan wata gaɓa mai juyawa ko ta ina, kamar gaɓar kafaɗa, don haka sandar ba ta tsayuwa da kanta, mahayin ne ke riƙe da ita ta wani mariƙi da ya kewaye ƙyallen. Babu inji, babu sitiyari. In ya karkata sandar gaba, hancin allon ya kauce wa iska ya bi inda take zuwa. In ya karkata ta baya, hancin ya juyo wajen da take fitowa. A ƙarƙashin allon akwai ɗan reshe kamar na bayan kifi, shi ke hana iska tura shi a kaikaice. Mahayin yana sa ɗamara mai ƙugiya a ƙugu ya rataya jikinsa a mariƙin, sai nauyinsa ya ɗauke wa hannuwansa wahala.

Ga abin da ya kamata ya tsayar da duk marubucin kirki: allon nan yana iya tafiya wajen da iska ke fitowa. Ba ya iya fuskantarta kai tsaye, amma yana yanka ta a karkace, ya yi dama, ya juyo ya yi hagu, kamar mai hawan tudu da kaya, har ya isa inda yake so. In kuma iskar ta yi ƙarfi, allon yakan daina nutsa cikinsa a ruwa, ya taso ya riƙa sulɓi a samansa, a irin wannan hali ƙwararre yana iya fin iskar da ke tura shi gudu. A 2015, a garin Lüderitz na Namibiya, Bafaranshe Antoine Albeau ya yi gudun da ya haura kilomita 98 a awa ɗaya a kan irin wannan allo. Ku tuna irin gudun da direbobin Abuja ke yi in sun wuce Kakau, sannan ku cire motar ku bar mutum a tsaye kan katako.

Wasan ba tsoho ba ne. Wasu Amurkawa biyu, Jim Drake da Hoyle Schweitzer, su suka nemi rajistar ƙirarsa a 1968, aka ba su a 1970, ko da yake akwai waɗanda suka riga su gwada irinsa. Ya shiga gasar Olamfik a 1984 a Los Angeles, mata kuma suka samu nasu rukuni a 1992 a Barcelona. Wato akwai dattawa a Kakau da suka girmi wasan nan. Ga Turawan ma baƙo ne, sun koye shi ne kawai, suka kuma ƙirƙira masa kalmomi.

Yanzu mu je inda ake yinsa kullum, kuma ba sai mun bar Afirka ta Yamma ba. Cape Verde, ƙasar da masu kallon ƙwallo suka sani tun kafin ta samu gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026, tarin tsibirai 10 ce a cikin tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da gaɓar Senegal. 'Yar ƙungiyar ECOWAS ce kamar Najeriya, ta samu 'yanci daga Fotugal a 1975. Ɗaya daga cikin tsibiranta sunansa Sal, wato gishiri a harshen Fotugal, saboda gishirin da aka daɗe ana haƙa a can, musamman a Pedra de Lume, cikin bakin wani mataccen dutse mai aman wuta. Tsibirin shimfiɗaɗɗe ne, tsawonsa kamar kilomita 30, busasshe ƙayau, ruwan sama ba ya cika sauka, ruwan sha ma na teku ake tacewa. Noma ba ya ci da kowa a can. Abin da Allah ya hore wa Sal a yalwace shi ne iska, wadda ke busowa daga arewa maso gabas kusan ba hutu tun daga Nuwamba har wajen Mayu.

Iskar nan ita ta ɗaga garin Santa Maria da ke kudancin tsibirin daga ƙauyen masunta da masu gishiri zuwa matattarar baƙi. Akwai wani lungu a yammacinsa, Ponta Preta, inda igiyar ruwa ke tasowa ta miƙe doguwa a kan duwatsu, iska kuma na yanko ta daga tudu. Josh Angulo, haifaffen Hawaii, ya zo ya ga wurin ya zauna, ya zama zakaran duniya na hawan igiyar ruwa da allon iska a 2003, ya sake zama a 2009 da tutar Cape Verde. Ɗan tsibirin, Mitu Monteiro, ya zama zakaran duniya a 2008 a ƙanen wannan wasa, wanda ake ja da wata babbar laima mai dogayen igiyoyi. A 2019 kuma Sal ce ta karɓi baƙuncin gasar wasannin bakin teku ta Afirka karo na farko.

Ku yi tunanin rayuwar wanda ke zaune a irin wannan wuri yana hawa kullum. Kafin ya wanke ido ya san daga ina iska take, don ya ji ta a ƙofa da kwanon ɗaki. Ya dubi teku, in ya ga fararen kumfa sun fara tsiro a saman ruwa ya san ta kai ƙarfin da allo zai yi sulɓi. Yana da ƙyallaye manya da ƙanana: babba don ranar da iska ta yi sanyi, ƙarami don ranar da ta haukace. In ya yi kuskuren zaɓi, ko ya yini yana iyo yana jan kaya, ko iska ta fizge shi ta maka shi a kan sandarsa. Ya san duhun da ke gudu a saman ruwa alamar bugun iska ne da zai iso shi nan da daƙiƙa kaɗan. Ya san iskar da ta fi kowace haɗari ita ce mai busowa daga tudu zuwa teku, don tana lallaɓa ruwan bakin gaɓa ya yi luf kamar tabarma, in sanda ta karye kuwa sai ta yi ta tura mutum ciki har ƙasa ta ɓace masa. Tafin hannunsa ya yi kanta, gishiri ya cinye leɓɓansa, duwatsu sun zana masa ƙafafu. Aikinsa, cin abincinsa, alƙawarinsa da mutane, duk sai sun jira abin da iska ta ce. Akwai ranakun da za ta ɗauke ɗif, ya zauna yana kallon ruwa kamar manomin da damina ta yi wa tsaiko.

Wannan mutum ne ake cewa ba shi da abin da zai gaya wa mai karatun Hausa? Mu dai mun san irinsa. Mun gan shi a Sarkin Ruwa na Argungu, mun gan shi a matuƙin kwalekwalen da ke tsallakar da mutane a kogin Kaduna, mun gan shi a matar da ke tsaye a masussuka da ƙwarya a sama tana jiran iska ta taso ta yi shiƙa.

Ga kuma abin da mai gadin ƙofa bai sani ba. Iskar da ke cika ƙyallen mahayin Sal da hunturun da ke fasa mana dunduniya a Kakau 'yan gida ɗaya ne. Iska ce mai gangarowa daga arewa maso gabas a lokacin rani, a kan tudu ta ratso Sahara ta kwaso ƙura, musamman daga kwarin Bodélé na ƙasar Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta fito da ƙarfi. Ita ce ke sa manyan motoci kunna fitila da hantsi a hanyar Abuja, ita ke hana jirage sauka a Kano da Kaduna. Ƙurar Sahara takan tsallaka teku ta lulluɓe Cape Verde a watannin nan, har suna da sunanta a harshensu mai ma'anar busasshen hazo, kuma su ma takan tsayar musu da jirage. Ranar da yaro a Kakau ke shafa man kaɗanya a leɓe, wataƙila a ranar wani yaro a Santa Maria ke ɗaura ƙyallensa. Su sun mai da ita sana'a da suna. Mu kuwa a littattafai da yawa an taƙaita ta a jimla guda: ana tsananin sanyi.

Laifin ba na harshe ba ne. Hausa ta bambanta hunturu da hazo da buji. Ta san holoƙo, hadarin da ke tasowa da ƙura ya watse ba ɗigon ruwa. Ta san guguwa mai murɗawa, ta san zazzafar iskar bazara, ta san iskar gaban hadari da ke tasowa daga gabas ta yaye kwanon ɗaki a farkon damina, abin da kusan kowace unguwa a Chikun ta taɓa gani. Karin magana ya ce iska na wahalar da mai kayan kara, wanda ya faɗe shi kuwa ya fahimci abin da injiniyan ƙyalle ya fahimta, cewa faɗin abu ne ke tarar iska, nauyinsa bai dame ta ba. Ɗauki damin kara ka tsaya a fili ranar hunturu, ka juya shi a karkace ka ji yadda yake jan ka gefe, ka riga ka yi darasin farko na hawan allo.

Sai dai akwai wani abu a harshen da ya dace mu dube shi da idon basira. A wurinmu iska ita ce aljani, ita ce banza. Mara kunya ɗan iska ne, shashanci iskanci ne, abin da ya lalace ya bi iska. Ruwa mai zurfi kuma gidan 'yan ruwa ne. Marubucin da bai yi hattara ba sai ya gaji wannan kallo bai sani ba: duk inda kogi ya fito a labarinsa to aljana ce za ta ja wani, duk inda guguwa ta taso to asiri aka yi. Ba mu ce a daina labarin aljanu ba, yana da daɗinsa da masu sonsa. Muna cewa ne in shi kaɗai ake rubutawa, an bar mai karatu da tsoro ba a ba shi sani ba.

A nan ne maganar ta wuce ta nishaɗi. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, aka yi ta neman mutane fiye da 100. A ranar 30 ga Nuwamba na shekarar, wani ya kife a madatsar ruwan Watari a Bagwai ta jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Duk shekara ana maimaita irin wannan, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne: lodin da ya wuce ƙima, tsofaffin jirage, rashin rigar ceto, fasinjojin da ba su iya iyo ba, wani lokaci da fita ruwa alhali hadari ya haɗo. Ɗan koyon hawan allo a Sal, kafin a bar shi ya taka ruwa, sai an tabbatar ya iya iyo, an sa masa rigar da ke hana nutsewa, an nuna masa daga ina iska take, an kuma gaya masa kada ya rabu da allonsa ko me ya faru, don allon ba ya nutsewa. Wasan da ake rainawa ya fi safarar da ke ɗaukar 'ya'yanmu kiyaye rai. Littattafai nawa kuka karanta da jarumar ta iya iyo? Nawa ne aka nuna matuƙi ya ƙi tashi saboda ya karanci sama, fasinjoji na zaginsa, daga baya ta bayyana shi ke da gaskiya? Labari ba ya gyara jirgi, amma shi ke koya wa yaro abin da ake yaba wa mutum a kansa.

Za a ce wasan masu kuɗi ne. Gaskiya ne, kayansa na da tsada, kuma yawancin masu zuwa Sal Turawa ne da suka gudo wa sanyin ƙasarsu. To ai labarin ke nan. Yaron da uban masunci ne, yana ɗaukar wa baƙi kaya a bakin ruwa, ya koyi hawa da tsohon allon da wani ya yar, har ya fi masu allon iyawa. Otal ya cinye bakin gaɓar da kakansa ke shanya koma. Uwarsa na son ya riƙe aikin albashi, shi kuwa iska na kiran sa. Wa ke da iskar, ɗan ƙasa ko mai kuɗin saya mata ƙyalle? Wanda ya ga yadda gonakin gefen hanyar Abuja ke komawa filotai da gidajen mai ba sai an fassara masa wannan ciwo ba.

Za a kuma ce ba al'adarmu ba ce. Wace al'ada? Dorugu ya bi Barth har Ingila a ƙarni na 19, ya tsallaka teku, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, aka buga. Abubakar Imam ya kwaso labarai daga Gabas da Turai ya yi musu riga da hula a Magana Jari Ce. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ratsa da Shaihu Umar cikin Sahara. Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin Rasha ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi. Umaru Dembo ya kai mu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Waɗannan su ne magabatan, ba wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar baƙo takardar asali. Wasan ruwa kuwa muna da namu: a Argungu, inda aka faro bikin kamun kifi a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ana kabanci a Matan Fada, da tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa. Manyan ruwaye ma ba mu rasa ba, ga Kainji, ga Tiga, ga Shiroro a kan kogin Kadunan nan namu, ga Kangimi a kusa.

Mai kai ango tsibiri kuma, kada ka yi murna cewa mun goyi bayanka. Kai ne ka ba mai gadin ƙofa hujja. Ba wanda ya hana ka tsibiri, amma ka biya kuɗin shiga, kuɗin kuwa shi ne bincike. Wayar da kake tura labarinka da ita tana ɗauke da taswira, da hasashen iska na kowace awa, da bidiyon mahaya ba iyaka. Ka san wace iska ke busawa a watan da ka kai su, me mutanen wurin ke ci, daga ina ruwan shansu yake, wa ke share ɗakin da amaryarka ke kwana. Ka bar jaruminka ya hau allo ya faɗi sau talatin a ranar farko, ya sha ruwan gishiri, bayansa ya ƙage wajen jawo ƙyalle daga ruwa, yaran gari na yi masa dariya. A nan ne za mu san ko mai haƙuri ne ko mai girman kai, abin da agogonsa da motarsa ba za su taɓa gaya mana ba.

Darasin mahayin tsibiri ga mai son rubutu a fili yake. Bai san iska don ya karanta sunanta ba, ya san ta ne don kullum yana fita gare ta, ranar daɗi da ranar wuya. Yau da gobe ita ce malamarsa.

Ga aikin wannan mako. Kwana bakwai a jere, da safe da yamma, kowa ya fita ƙofar gidansu ya tsaya minti biyar. Ya lura daga ina iska take, me take ɗauke da shi, wane ƙara take yi a kwano da wane a ganyen mangwaro, yaya hayaƙin mai ƙosai yake kwanciya, ina ledoji ke taruwa. Ya tambayi wani dattijo manomi, Bahaushe ko Bagbagyi ko Bafulatani, sunayen iskokin shekara da alamominsu, ya rubuta yadda ya faɗa. Sannan ya kawo mana shafi ɗaya da iska ke canza wa wani mutum shawara. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda ya rubuta cewa iska mai daɗi tana kaɗawa, za mu mayar masa da kayansa ya sake fita waje.